Tsohon Kare da Haƙƙinsa a Kan Mai Shi

 

Batun da na zo da shi yau ba a cika jin irinsa a gidan rediyo ba, har ma na san akwai wanda zai ce, duk lalurorin da suka dabaibaye 'yan Adam ba su ishe mu ba, sai mun koma kan kare? Ina roƙon mai wannan ra'ayi ya ara mini kunnensa na ɗan lokaci. Zancenmu a kan tsohon kare ne, wanda ƙafa ta fara gaza masa, da abin da ya wajaba a kan wanda ya ci moriyarsa tun yana da ƙarfi. Maganata guda ce, zan kuma yi ta maimaita ta har mu rabu. Tsohon karen da ya daina tashi ba lalaci yake yi ba. Ciwo yake ji. Kuma akwai abin da za a yi a sauƙaƙa masa.

Bari mu fara da hujja, domin zuciya ba ta sakin jiki da aikin da ba ta san matsayinsa ba. Shari'a ta yarda a riƙe kare saboda farauta, da kiwon dabbobi, da tsaron gona, kamar yadda ya tabbata a hadisan Bukhari da Muslim, kuma a Suratul Ma'ida an halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mai shi idan an ambaci sunan Allah. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawanmu muka tashi a kanta, kare mai rai ba najasa ba ne. Kowane almajiri kuma ya san ƙissar mutumin da ya gangara rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. To, idan wanda ya tausaya wa karen da bai sani ba, a hanya, sau ɗaya tak, ya sami wannan falala, ina ga wanda kare ya kwana yana yi wa gadi shekara goma, cikin sanyi da ruwan sama, yana hana ɓarawo tsallaka katanga, ko yana bin maharbi daji ƙaya na sukarsa? Wannan amana ce ta hau wuyansa. Ba ta sauka don haƙoran kare sun zube.

To, yanzu sai mu juya ga alamomi, watau yadda mai kare zai gane akwai ciwo.

A nan ne mafi yawan mutane suke ruɗuwa, domin suna jiran su ji kare yana kuka kafin su yarda yana jin jiki, alhali kuwa ciwon da ya daɗe ba ya sa kare kuka. Yakan yi kuka ne idan an taka shi ko an jefe shi. Amma ciwon gaɓoɓi, wanda yake shigowa sannu a hankali cikin watanni da shekaru, kare yakan haɗiye shi ne ya sake ɗabi'unsa. Saboda haka ido ne zai yi aiki. Ka fito da sassafe lokacin hunturu ka tsaya ka dube shi sa'ad da zai tashi. Za ka ga ya fara kafa ƙafafun gaba, ya ɗan yi jim, ya karkata gaba kamar mai shawara, sa'an nan ya jawo na baya da ƙyar. Takunsa na farko a sandare yake, sai ya ɗan zagaya tsakar gida jikin ya sake. Dakalin da a da yake hayewa da tsalle guda, yanzu sai ya tsaya a gindinsa yana kallonka. Idan zai kwanta yakan yi ta kewaye wuri, daga ƙarshe ya faɗi rim, don lanƙwasa gwiwa ta zama masa wahala. Wani yakan yi ta lasar gaɓa guda har gashin wurin ya sake launi. Wani kuma, da yake mai haƙuri da yara, sai a wayi gari yana yi musu gurnani idan sun taɓa bayansa, mutanen gida su ce ya lalace, ya zama mugu. Haƙiƙa bai zama mugu ba. Inda aka taɓa ne yake masa zafi.

Ka kuma shafa cinyoyinsa. Idan ka ji sun motse, ƙashin kwatangwalo ya fito, alhali ƙirji da kafaɗu sun cika, to, ka sani ya daɗe yana ɗora nauyinsa a gaba don ya hutar da baya.

Mene ne sababin wannan? A kowace gaɓa Allah Ya lulluɓe kan ƙashi da guringuntsi mai santsi, da ɗan ruwa mai yauƙi, don ƙashi ya gilma kan ɗan'uwansa ba tare da gugar juna ba. Da tafiyar shekaru, ko saboda tsohon targaɗe da karaya, ko saboda nauyin jiki, sai guringuntsin nan ya riƙa cinyewa, gaɓa ta kumbura, ƙashi ya fara tsiro a gefe. Wannan shi ne amosanin gaɓoɓi, irin wanda yake kama dattawanmu. Gaɓar kwatangwalo kuwa zamanta kamar zaman taɓarya ne a cikin turmi, idan turmin bai yi zurfi ba sai taɓaryar ta riƙa gocewa tana cin bakinsa. Wannan naƙasa ana gadonta, kuma ta fi yawa a manyan karnukan waje da masu hali suke saye don gadi, irin su Alsatian, wanda muke kira karen 'yan sanda, da Rottweiler da Boerboel. Irin waɗannan tun suna shekara shida ko bakwai ake lissafa su cikin tsofaffi, alhali ƙananan karnuka sukan kai goma kafin tsufa ya bayyana. Karenmu na gida, siriri mai dogayen ƙafafu, jikinsa ya fi sauƙin ɗauka, amma na mafarauta yakan tara raunukan daji, su taso masa a ƙarshen rayuwa.

Guringuntsin da ya cinye ba ya komawa yadda yake. Wannan gaskiya ce, kada wani mai talla ya ruɗe ku. Amma zafin ana iya rage shi ƙwarai da gaske.

Kafin mu ci gaba, akwai gargaɗi guda da ba zan tsallake ba, ina kuma roƙon a saurara da kyau. Ba kowace gazawar ƙafa ce tsufa ba. Cututtukan da kaska take sa wa kare sukan kawo kasala da ɗingishi da zazzaɓi, dasashi ya yi fari. Ciwon dajin ƙashi yakan fito da kumburi mai tauri kusa da gaɓa, musamman a manyan karnuka. Matsalar laka kuma takan sa kare ya riƙa jan ƙafa, har ka ga saman farcensa ya goge. Mafi hatsari duka, akwai nau'in ciwon haukan kare wanda ba ya zuwa da hargowa ko cizo, sai dai shanyewar jiki: cikin 'yan kwanaki ƙafafu su mutu, muƙamuƙi ya saki, yawu ya riƙa dalala, kare ya kasa haɗiya. Wallahi wanda ya ga haka kada ya sa hannu a bakinsa da zaton ƙashi ne ya maƙale. A killace shi, a nisanta yara, a kira malamin dabbobi. Wanda kuma aka ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, ya nufi asibiti nan take. Ciwon gaɓoɓi a hankali yake zuwa. Abin da ya zo farat ɗaya, na likita ne a ranar. Allurar rigakafin hauka kuma ba a daina yi wa kare ita don ya tsufa, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu sarrafa ta.

To, mun ga alamomi, mun ga sababi. Yanzu sai magani. Zan fara da wanda ba ya cin ko kwabo.

Na farko shi ne rage ƙiba. Na san wannan zai ba wasu dariya, don karen ƙauye ba ƙiba ce matsalarsa ba. Amma a gidajen birni, inda ake ɗaure kare wuni guda ana juye masa ragowar shinkafa da mai da ƙashin kaji, ƙiba ta zama ruwan dare. A Amurka an yi wani bincike mai tsawo a kan karnuka 48 irin Labrador, aka haɗa su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, ana ba ɗaya kashi uku cikin huɗu na abin da ɗan'uwansa ya ci, tun suna ƙanana har suka mutu. Da aka fitar da sakamakon a 2002, sai aka ga waɗanda aka rage wa abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu, ciwon gaɓoɓi kuma ya yi jinkirin kama su. Ma'aunin mai sauƙi ne. Ka ɗora tafin hannunka a gefen ƙirjinsa. Idan ka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, madalla. Idan sai ka lalubo su a ƙarƙashin kitse, to, kaskonsa ya yi yawa. A rage tuwo da mai, a bar masa nama ko kifi gwargwadon hali, domin tsoho yana bukatar abin da zai riƙe masa tsoka. A guji ba shi ragowar miya mai yawan albasa, don albasa tana lalata jinin kare.

Na biyu shi ne makwanci. Siminti mai sanyi azaba ne ga gaɓa mai ciwo, balle a daren hunturu. Tsohuwar katifa, ko buhu da aka cusa wa tsummoki, a ajiye a lungun da iska ba ta bugawa, sun isa su canja masa dare. Da bazara kuma a nema masa inuwa da ruwan sha a kusa, kada sai ya ratsa tsakar gida kafin ya kai ga kasko. Gidajen da aka shimfiɗa wa tayil su sani santsinsa abokin gabar tsohon kare ne, ƙafafunsa sukan baje ya faɗi, faɗuwa ɗaya kuma takan rushe sauƙin wata guda. A shimfiɗa tabarma ko tsohon kafet a hanyar da yake bi. Inda akwai matakala a jingina faffaɗan katako a rufe shi da buhu. A riƙa yanke masa farce, domin karen da ya rage yawo farcensa ba ya gogewa, idan ya yi tsawo kuma sai ya karkatar da tafin ƙafa ya ƙara wa gaɓa wahala. Sarƙa kuwa, a ganina, ba ta da sauran hujja a wuyan karen da ko gudu ba ya iyawa.

Na uku, tafiya. Wasu saboda tausayi sukan bar kare kwance wuni guda, suna zaton hutu ne maganinsa, alhali kwanciya tana ƙara sandarar da gaɓa tana kuma cinye tsokar da take tallafe da ita. Wasu kuma su fita da shi farauta ran Asabar kamar da, ya dawo ya kwana uku bai tashi ba. Duka biyun kuskure ne. Abin da ake so shi ne 'yar gajeriyar tafiya safe da yamma, kullum, a ƙasa mai laushi, a bar shi ya yi ta shinshine-shinshinensa, a juyo gida tun bai gaji ba. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ƙafafun baya sun yi rauni sosai, sai a samo tsohon zane ko tawul, a zura ta ƙarƙashin cikinsa dab da cinyoyi, a riƙe bakin biyu a sama, a ɗan ɗauke masa nauyi yana takawa. Za ka ga karen da ya fid da rai da fita ya kai bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya. Tsumma mai ɗumi a kan gaɓa na ɗan lokaci, da tausa a hankali, su ma suna taimakawa, muddin ka fara gwada ɗumin a hannunka.

Jama'a masu sauraro, ga mu a kan mas'alar da ta fi kowace muhimmanci, watau maganin asibiti. A nan zan ɗan daɗe.

Al'adarmu ce idan jiki ya yi ciwo a aika yaro kemis ya karɓo ƙwaya, kuma mai tausayi yakan ce, tun da ta yi mini amfani bari in ba karena rabi. Don Allah kada a yi haka. Ibuprofen da diclofenac da naproxen, waɗanda muke sha don ciwon jiki, suna huda cikin kare su jawo gyambo da zubar jini, suna kuma kashe ƙoda, jikinsa ba ya sarrafa su yadda namu yake yi. Wanda yake shakkar ƙarfin irin waɗannan magunguna a jikin wata halitta, ya tuna abin da ya faru a Indiya da Pakistan, inda ungulaye suka yi ta mutuwa har suka kusa ƙarewa saboda cin mushen shanun da aka yi wa allurar diclofenac, har hukumomi suka haramta ba dabbobi ita a 2006. Paracetamol ma ba a ba kare sai da awon likita, kyanwa kuwa kisa yake yi mata kai tsaye. Tramadol, wanda sunansa ya riga ya ɓaci a garuruwanmu saboda abin da ya yi wa matasa, an gwada shi a Jami'ar Jojiya ta Amurka a kan karnuka masu ciwon gaɓoɓi, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna bai rage musu ciwon ba. Saboda haka babu dalilin ajiye shi a gida da sunan kare.

Akwai magungunan da aka tanada musamman don wannan lalura, irin su carprofen da meloxicam, kuma suna aiki ƙwarai, har mai kare ya ce an sake masa kare. Amma likitan dabbobi ne zai auna nauyin kare ya yanke adadin, kuma ga tsohon kare ya kyautu a yi gwajin jini tukuna a ga lafiyar ƙoda da hanta, a kuma riƙa maimaitawa lokaci-lokaci. Ana ba da su ne tare da abinci. Ba a haɗa biyu daga cikinsu, ba a kuma haɗa su da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda masu sayar da maganin dabbobi a kasuwa suke saurin miƙawa, don haɗin nan shi ne gajeriyar hanya zuwa gyambon ciki. Idan kare yana kan magani sai ya fara amai, ko ya ƙi abinci, ko kashinsa ya yi baƙi, a tsayar da maganin a koma wurin likita. In sake faɗa: amai, ƙin abinci, baƙin kashi, a tsaya.

Idan waɗannan ba su wadatar ba, likita yakan ƙara da gabapentin ko amantadine. A Turai da Amurka kuma an fito da wata allura ta wata-wata mai suna Librela, wadda Turai ta amince da ita a 2020, Amurka a 2023, sai dai tana da tsada, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ja hankalin likitoci kan wasu illoli da aka kawo rahotonsu. Man kifi yana da fa'idar da bincike ya tabbatar, ko da yake a hankali take bayyana. Amma ƙwayoyin glucosamine da ake tallatawa da tsada, hujjarsu mai rauni ce, ni dai da za a shawarce ni, da na ce a kai kuɗin wurin gwajin jini. Masu neman inda za su je, akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, inda ake iya ɗaukar hoton ƙashi a ga ainihin abin da ke ciki.

Ba lalaci yake yi ba, jama'a. Ciwo yake ji. Kuma kun ji akwai abin yi.

Saura magana ɗaya mai nauyi, wadda ba ta da daɗin faɗa. Wata rana za a kai inda magani ba ya ƙara komai. Karen da ya kwanta ba ya iya juyawa, wajibi ne a riƙa juya shi sau da yawa a wuni, a share masa fitsari da kashi, a shanya makwancinsa, a kore masa ƙuda, domin in ba haka ba gyambo zai fito a kwatangwalo da gwiwar hannu, tsutsa ta shiga. A yi masa wannan hidima da lura, a sa masa takunkumi na ƙyalle idan za a ɗaga shi, don mai jin zafi yakan ciji ko wanda ya fi so. Idan kuwa ya daina ci, ya daina sha, numfashi ya zama wahala, ranakun azaba suka rinjayi na sauƙi, to, malamanmu ba su bar mu cikin duhu ba. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an halatta a hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna daga rayuwarta, wasu malaman kuma suna ganin a bar ta har ajalinta ya zo. Mai kare ya tambayi malamin da ya amince da shi, ya tambayi likita, wanda yake da allurar da take sa dabba barci ta wuce ba tare da wahala ba. Abin da babu wani malami da ya halatta shi ne abin da muke gani a bayan gari: a ɗauki tsohon kare a jefar a bola, ko a zuba masa maganin ɓera a tuwo ya kwana yana shure-shure, ko a bar wa yara su yi ta jifa. Wannan zalunci ne, kuma yara da suka saba ganinsa ba a kan kare kaɗai za su tsaya ba.

Masu sauraro, lokacinmu ya yi. Wanda yake da tsohon kare a gida, ina roƙonsa gobe da safe, bayan ya dawo daga masallaci, ya tsaya ya dubi yadda yake tashi, ya shafa haƙarƙarinsa, ya duba inda yake kwana. Uwargida kuma ta sa ido a kan kaskonsa, ta kuma ja kunnen yara su bar hawa bayansa. In an ga ɗaya daga alamomin da na ambata, a nemi likitan dabbobi cikin makon nan, kada a aika yaro kemis. Wanda ba shi da kare kuma ya isar da saƙon ga maƙwabcinsa maharbi ko makiyayi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mun sake saduwa a wannan fili.